Yadda aka yi mini kyauta da kuɗina

Ƙanwar maiɗakina ce ta ja, wadda kuka sani, mai bautar ƙasa a Abuja. Tun da ta zo hutu take faɗin wai Birnin Kebbi ƙauye ne aka shafa wa kwalta. Albashi kuma ya shigo ranar Alhamis, kun dai san yadda alat ke sa mutum ya ji ya isa. Asabar bayan la'asar na ce ta shirya yaran mu je wurin nan mai gilashi, reshen kamfanin nan na kaji. Ba zan kama suna ba. Uwar gida ta ce ita ba ta zuwa, a riƙo mata nata.

Ni abincin ranata a rumfar Inna yake, can wajen sakatariyar Gwadangaji, kowa ya sani. Benci biyu, labulen buhu, tuwon shinkafa da miyar sure, busasshen kifin Yawuri idan ta samu. Daga yanayin sallamarka take gane ko wata ya yi nisa, sai ta jawo littafinta ta rubuta ba tare da ta ɗago kai ba. To da wannan tarbiyyar na shiga gidan gilashi. Na samu tebur kusa da sanyi na zauna, na cire hula na ɗora a gwiwa, ina jiran a zo a tambaye ni. Shiru. Na ɗaga hannu. Wata mai jar riga ta wuce, na ce "Yarinya, zo mana." Ta dube ni, ta dubi bayana ko da wani nake, ta yi gaba.

"Yaya, don Allah sauke hannun," in ji ƙanwar. "Nan layi ake bi, ka biya, ka ɗauko da kanka."

A kan layin ta zubo mini tarihi ban tambaye ta ba. Wai tun 1986 Mr Bigg's ya fara irin wannan ciniki a Legas, Chicken Republic ya biyo a 2004, KFC na Amurka ya shigo a 2009, mu muna nan muna wanke hannu a roba ɗaya. Wai daɗin abin shi ne duk reshen da ka shiga, Legas ko Kano, ɗanɗano ɗaya, awo ɗaya, farashi ɗaya, don komai daga hedikwata ake tsaro shi. Na ce ita Inna ma ɗanɗanonta ɗaya ne, sai ranar da ta yi faɗa da maigidanta barkono ke yawa.

Da layi ya zo kaina na nuna shinkafa da kaza, mutum huɗu, da ɗaya na tafiya. Yarinyar ta ɗauki wani ɗan kofi, ta cika shi, ta share bakinsa da bayan cokali don kada ƙwaya ta yi sama, ta kife a faranti. Ta sake ɗaya. Sai ta ajiye kofin. Na tsaya ina jiran ta ci gaba. Ita ma ta tsaya tana jirana.

Jama'a, shinkafa fa. A Kebbi. Ni da kakana ya tsufa a fadamar Argungu, tsuntsayen da nake kora ina yaro sun fi haka ci kafin hantsi. Nan Birnin Kebbi Buhari ya zo a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa na Babban Banki. Shinkafarmu ce aka zuba a buhu aka rubuta Lake Rice a 2016, mutanen Legas suna layi a kanta. Ga injin Labana a nan cikin gari, ga na WACOT a Argungu, tireloli na fita dare da rana. Amma ni ake auna wa da kofi ana share baki, kamar mai sayar da turaren ɗan goma.

Na sassauta murya na ce, "To gyara fa?"

Ta ce, "Oga?"

Na ce, "Gyara. Ɗan ƙari bisa."

Ba ta yi dariya ba, Allah ya sani, yarinyar tana da ladabi. Cewa ta yi kowane kofi a lissafe yake, idan an tashi da dare ana ƙirga abin da ya fita a gwada da abin da na'ura ta buga, in ya gaza ita za a tambaya. In ina son ƙari sai ta buga wani. Bayana kuwa wani yaro mai askin banza ya maimaita wa budurwarsa, "Wai gyara." Ƙanwar ta juya tana karanta bango. Rasit ya fito da tsawonsa, har da harajin VAT kashi 7.5, wanda tun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5 nake jin sa a rediyo ban taɓa ganin sa ido da ido a kan abincina ba. Robar da aka zuba na uwar gida ita ma da kuɗinta. Na biya, na ɗauko tire, ina tafiya ina lissafin kwana nawa wannan zai ciyar da ni a wurin Inna.

Duk wannan ba komai ba ne. Cokalin ne.

Cokali mai yatsu suka ba ni, na roba, fari, da wata wuƙa ita ma ta roba. Na so in sa hannu, ƙanwar ta harare ni. To. Na kafa cokalin a cinyar kazar, na kawo wuƙar na fara gurzawa. Kazar ta soyu, fatarta ta yi ƙarau, cikinta kuma da ƙarfinsa. Na ƙara danna cokalin. Na ji ya lanƙwashe, zuciyata ta ce bari, na ce saura kaɗan. Sai ƙas. Yatsu biyu suka rage a jikin kaza, sauran yana hannuna, ita kuwa cinyar ta tashi. Ban ce ta faɗi ba, tashi ta yi. Ta bi ta kan kwalbar lemon ƙaramin, ta sauka a tayil, kuma tayil ɗin nan an goge shi har kana ganin fuskarka, sai ta ci gaba da tafiya a kan maiƙonta. Ta wuce tebur ɗaya. Ta wuce ƙafar wata Hajiya. Na bi ta da ido, wurin duka ya bi ta da ido, har waƙar da ke tashi a sifika ta zaɓi lokacin ta ƙare. Ta je ta tsaya jikin wani takalmi sau-ciki baƙi, sabo.

Na ɗago kai daga takalmin zuwa wando, zuwa shadda, zuwa fuska. Mutumin nan na unguwar Badariya ne.

Waɗanda suka sani sun sani. Waɗanda ba su sani ba, a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da masu POS ke sayar wa mutum kuɗinsa da kuɗi, mutane na kwana a bakin banki, ni na bi layi tun asuba na samo sababbin takardu. Ya zo har gida bayan isha'i, wai yaro ba lafiya, mai kemis ba ya karɓar taransifa. Na ƙirga dubu ashirin, tsaba, a lokacin da tsabar dubu ashirin ke iya sa a yi maka kirari. Ya ce Juma'a. Bai dai ce wace ba. Tun daga nan in ya hango ni a masallacin Juma'a sahu yake canzawa. Na taɓa ganin sa ya tayar da nafila da gangan don na tsaya a bayansa, ya yi ta jan sujada har na gaji na tafi. An yi sunan 'yarsa, rago biyu, an ce har da mai hoto daga Sakkwato. Na aika saƙo, ya karanta, shuɗin layi biyu, ya mayar mini da hoton hannuwa na addu'a. Ya canza babur. Yanzu ga shi zaune shi kaɗai, gabansa rabin kaza, da soyayyen dankali, da ayis kirim mai hawa biyu, yana ci da hannu abinsa, ba mai hararar sa.

Muka dubi juna. Muka dubi kazar.

A wurin Inna da wannan ba magana ba ce. Kyanwarta za ta ɗauke kafin ka ce wayyo, Inna ta zagi kyanwar, ta jefo maka wani yanki, a wuce wurin. Nan kuwa na ga mai goge-goge ya taso daga can kusurwa da tsintsiya da abin kwashe shara, yana tahowa ba gaggawa. Lissafi ya tsaya mini a kai. Tayil ɗin ai ya fi farantin gidan wasu tsabta. Gefe ɗaya ne kawai ya taɓa ƙasa. Na riga na ɗan ɗaga daga kujera, ban san na ɗaga ba, sai babban yaron, mai shekara shida, wanda a gida sai an yi da gaske ake jin muryarsa, ya miƙe tsaye ya ce da iyakar ƙarfinsa:

"Abba yi sauri! Ka hure ta ka yi bismilla yadda kake yi a gida!"

Hajiyar nan ta ƙware da lemo. Mai askin banza ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Ƙanwar ta rufe fuska da mayafi, amma na ga wayarta a tsaye ta ƙarƙashin mayafin. Na koma na zauna a hankali, na ce wa yaron zauna, cikin muryar da ya gane cewa akwai zama a gida. Mai shara ya iso, ya ture kazar cikin abinsa tare da yatsun cokalin, ya ce mini sannu. Sannun ma ta yi mini ciwo.

Sai mutumin Badariya ya goge hannu, ya miƙe, ya buɗe murya yadda har na kicin za su ji: "Haba Malam! Ashe kai ne! A bar ta, a bar ta, wallahi kada ka damu. 'Yammata, a kawo wa yayana wata cinyar, babba, a sa a lissafina."

Na ce a'a. Ya ce wallahi. Na ce a bar shi. Ya ce ya rantse, sai dai in so nake ya yi kaffara. Ya zaro kati ya miƙa, na'ura ta karɓa nan take, ko tari ba ta yi ba, shi da kullum netwok ke hana shi turo mini. Ya ɗauko farantin da kansa ya kawo gabana da hannu biyu, ya shafa kan yaran. Wani dattijo da ke jiran a ɗaure masa nasa ya gyaɗa kai ya ce, "Allah shi yi albarka. Irin wanga zumunci shi ne ya yi ƙaranci yanzu." Mutane suka ce amin. Aka juyo ana kallona, ana jira.

Na ce na gode.

Da bakina. A gaban 'ya'yana. Ya ce ba komai, ai an zama ɗaya, ya koma ga ayis kirim ɗinsa. Na ci kazar da hannu, ƙanwar ba ta ce uffan ba. Abin haushin, ta yi daɗi. Zan faɗi gaskiya ko don Allah: kazarsu ta fi ta Inna laushin ci, famfonsu da sabulu, ba ƙuda ko ɗaya, kuma ba wanda ya tambaye ni yaushe za a biya ariyas. Sai dai na fito da yunwata, na tsaya wurin mai tsire a hanya, wai na yara ne.

Litinin na je rumfa. Tun daga nesa na ga 'yan benci sun yi shiru irin na shiri. Ashe ɗan kabu-kabun da ke ɗauko wa Inna itace yana bakin ƙofar wurin ranar, yana jiran fasinja, gilashi kuma ba ya ɓoye komai.

"Maraba da manya," in ji Inna. "An ce ka tahi gidan sanyi. Mi anka ba ka?"

Na ce shinkafa ce kawai, Inna.

"Awo. An ce kaza ta yi tahiya."

Ta zuba mini tuwo malmala ɗaya, ta ɗebo miya ta share bakin ludayin da yatsa tana kallona, sannan ta sa hannu a ƙugunta ta fiddo cokalin roba fari, sabo, a ledarsa. Saye ta yi musamman. Ta ɗora mini a kan tuwo. Masinjan ofishin kuɗi sai da aka ba shi ruwa. Shi ma wannan ina riƙe da shi, don shi ne ya ce a riƙa ɗaure mini kifi da zare. Mutumin da shafinsa a littafin Inna ya ci bango. Daga baya dai ta ƙaro malmala biyu da kan kifi, ta kuma buɗe littafi ta karanto mini na watan jiya da ƙarfi, abin da ba ta taɓa yi ba, wai tunda ina da na gidan gilashi.

Uwar gida kuwa ta ce nata ba gishiri, ta wanke robar ta zuba daddawa. Bidiyon yana wurin dangin matata duka, har na Zuru, ƙanwar ta rantse ba ita ta tura ba.

Jiya da dare saƙo ya shigo daga Badariya, na farko mai rubutu tun 2023. Ya gaishe ni, ya tambayi yara, ya ce ya ji daɗin haɗuwarmu. Sannan ya ce don kada a shiga haƙƙin juna, kazar nan dubu uku da ɗari biyar ce har da haraji, saura dubu sha shida da ɗari biyar ke nan, in sha Allahu Juma'a. Ban amsa ba tukuna. Ina neman rasit ɗina ne in duba farashin, don ina jin ya ƙara ɗari biyu.