Gawon Magarya na da masu kare shi, Termit fa?

Ranar 6 ga watan Maris na shekarar 2012 gwamnatin Nijar ta ayyana yankin Termit da Tin Tumma a matsayin gandun namun daji na ƙasa, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000 wanda ya ratsa jihohin Damagaram da Difa da Agadas, ya kuma fi ƙasar Togo girma nesa ba kusa ba. Shekara bakwai bayan haka, a watan Yunin 2019, majalisar ministoci ta zauna a Yamai ta yanke kusan murabba'in kilomita 45,000 daga gabashin gandun, wato ɓangaren da ya haɗu da filayen man fetur na Agadem. Abin da ya fi damuna game da waɗannan ranaku biyu shi ne yadda suka wuce shiru a Damagaram. Ranar da aka kafa gandun ba a yi guɗa a Birni ba, ranar da aka rage shi kuma hirar kasuwar Dole ba ta canza ba, alhali dutsen Termit yana cikin jiharmu ne, a ƙasar Tesker.

Ina zaune a jihar New Jersey ta Amurka, kuma ba da nisa da inda nake ba akwai wani fadama mai suna Great Swamp, wanda tazararsa da tsakiyar birnin New York ba ta kai kilomita hamsin ba. Idan mutum ya shiga, kan wata siririyar gada ta katako yake tafiya a saman ruwa da ciyayi, kunkuru na shan hantsi a kan ruɓaɓɓen itace, a bakin hanya kuma sau da yawa zai tarar da tsofaffi masu aikin sa-kai, kowa da tabaran hangen nesa rataye a wuya, suna nuna wa yara tsuntsaye. A shekarar 1959 hukumar da ke kula da tashoshin jiragen New York ta tsara mayar da wannan wuri katafaren filin jirgin sama. Mazauna garuruwan da ke kewaye suka ce ba su yarda ba. Wata matar aure mai suna Helen Fenske ta mayar da ɗakin girkinta ofishin gwagwarmayar, aka bi gida gida da makarantu ana tara kuɗi har suka haura dala miliyan ɗaya, suka sayi kusan eka 3,000 na fadamar suka miƙa wa gwamnatin tarayya kyauta da sharaɗin a bar shi ga namun daji. A 1968 majalisar dokoki ta saka wani ɓangarensa cikin jerin dazuzzukan da ba a taɓawa, kuma filin jirgin bai taɓa tabbata ba.

Dokar da aka yi amfani da ita ita ce ta 1964 kan dazuzzukan da aka bari yadda Allah ya halicce su, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Satumba. Ita ma ba daga sama ta faɗo ba. Howard Zahniser, ma'aikacin wata ƙungiyar farar hula mai suna Wilderness Society, shi ya rubuta daftarinta, ya sake rubuta shi sau 66 cikin shekara takwas, ana ta zaman sauraren jama'a a garuruwa daban-daban inda makiyaya da masu haƙar ma'adinai da mafarauta da malaman makaranta kowa ke faɗin nasa. Ya rasu watanni kaɗan kafin a sa hannu. Dokar ta fara da eka miliyan 9.1, yau kuma ta wuce eka miliyan 111, kuma da yawa daga abin da aka ƙara talakawan yankunan ne suka nemo shi. A jihar Montana, wani mai kantin sayar da kayan aiki a ƙaramin garin Lincoln, Cecil Garland, shi ya jagoranci mutanen garinsu suka hana a keta dajin bayan garinsu da hanyoyin mota, har majalisa ta ba shi kariya a 1972, duk da hukumar gandun daji ba ta so ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi a wannan doka shi ne yadda aka ɗaure ta. Majalisar dokoki ce kaɗai ke iya saka daji cikin jerin, ita kaɗai ce kuma ke iya cire shi, saboda haka minista ko shugaban hukuma ba ya iya tashi da safe ya goge iyaka. Duk mai son cirewa sai ya bi ta muhawara a bainar jama'a, a can kuwa zai tarar da mutanen da suka sha wahala kafin a kafa wurin, ko ƴaƴansu, suna jiransa. Gandun Termit kuwa da takardar majalisar ministoci aka kafa shi, da irin wannan takarda aka rage shi, kuma babu wani taron jama'a a Gure ko Tesker da doka ta tilasta a yi kafin a taɓa iyakarsa.

Ba ina cewa a kwaso dokar Amurka a dasa a ƙasarmu ba ne, domin akwai wani abu a cikinta da ba zai yi mana ba ko kaɗan. Ta bayyana daji a matsayin wurin da ɗan Adam baƙo ne, yana zuwa ya wuce ba ya zama. Amurkawa sun iya rubuta haka ne saboda yawancin waɗannan wurare an riga an kori ƴan asalin ƙasar daga cikinsu tun ƙarni na goma sha tara, abin da su kansu masu rajin kare dazuzzuka a nan yanzu suke faɗa da kunya. A Termit mutum ba baƙo ba ne. Tubawa da Buzaye da Fulani da Larabawa suna kiwon raƙuma da awaki a can tun kaka da kakanni, sun san kowace rijiya da wanda ya haƙa ta, kuma duk dokar da za ta ɗauke su a matsayin masu kutse ta mutu tun kafin a buga ta. Ko a Amurkar ma, sai da aka yarda kiwon da aka saba yi ya ci gaba a cikin waɗannan dazuzzuka kafin dokar ta samu wucewa.

Kuma ba sai mun je wata ƙasa koyon yadda talaka ke kare itace ba, domin kudancin Damagaram ya riga duniya a wannan fanni. Dattawa suna ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo, saboda an san amfaninsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa, ƴaƴansa kuma a cika buhu da su a kai kasuwa masu kiwon ragon layya su saya. Turawan mulkin mallaka suka zo da dokar gandun daji ta 1935 wadda ta mayar da itatuwa na hukuma, aka gaji wannan tsari bayan ƴancin kai, sakamakonsa kuwa manomi ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo masa tara daga ma'aikatan gandun daji. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Magarya da Matamai da Mirya, da takwarorinsu na Maraɗi, suka koma barin kututture ya tofo suna gyara masa rassa, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. Doka daga baya ta biyo sawu: tsarin dokokin karkara na 1993, dokar gandun daji ta 2004, sannan a 2020 aka fitar da takardar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa. A dajin Takieta ma, tun shekarun 1990, manoma da makiyaya suka haɗu a ƙungiyar Ku Tayani suna tafiyar da gandun da kansu tare da amincewar hukuma. Wanda ya bi hanyar Matamai da rani ya ga gawo jere a gonaki har iyakar ganinsa ya san cewa babu ministan da zai iya soke wannan da takarda ɗaya, saboda kowane itace yana da mai shi.

Termit bai samu irin wannan gata ba, kuma dalilan a fili suke. Yana da nisa, hanyarsa rairayi ce, mutumin Zango ko Garin Malam yana iya tsufa bai taɓa taka Tesker ba. Ƙoƙarin kafa gandun kuma galibi daga masana da ƙungiyoyin waje da ma'aikatar muhalli ya fito, aiki mai kyau wanda ya cancanci yabo, amma bai sauka a zukatan mutanen birni ba. Sai kuma batun mai. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, daga Agadem take samun ɗanyen manta, kuma ƙasar da ke fama da talauci irin tamu ba za a ce mata ta bar arzikinta a ƙarƙashin rairayi saboda barewa ba. Ni ban ce haka ba, ban kuma ga amfanin mai faɗin haka daga ƙasar da ta gina kanta da fetur ba. Abin da nake cewa shi ne, inda za a haƙa rijiya, da inda manyan motoci za su bi, da wanda zai hana masu bindiga harbin naman daji daga kan mota, duk abubuwa ne da ake iya tsarawa idan akwai mai tambaya. Farar barewar sahara mai murɗaɗɗun ƙahoni da masana ke kira addax, wadda Tin Tumma ce mafakarta ta ƙarshe a daji, binciken da aka yi ta sama da ta ƙasa a 2016 guda uku kacal ya gano. Jimina kuwa, wadda kakanninmu suka yi fataucin gashinta har Tarabulus, yanzu a cikin shinge ake kiwonta a Kelle da fatan wata rana a mayar da ita daji.

Bayan yankan 2019 matasan JVE, wata ƙungiyar sa-kai ta kare muhalli a Nijar, sun tayar da ƙorafi ta intanet, ƙungiyoyin waje suka mara musu baya, kuma a 2021 gwamnati ta sake duba iyakokin. Wannan ya nuna cewa magana tana tasiri ko a wurinmu. Amma sa hannun mutumin Faransa ko Jamus a kan takardar koke ba ya ɗaure gwamnati yadda zuwan tawagar shugabannin makiyaya fadar Sarkin Damagaram da ofishin gwamna zai ɗaure ta, kuma hukumomi suna da sauƙin cewa wannan surutun Turawa ne. Abin da ba za su iya cewa haka a kansa ba shi ne Batube mai raƙuma da ya tashi a gidan rediyon karkara ya faɗi da bakinsa abin da ya gani a kusa da rijiyarsa, ko ɗaliban Jami'ar André Salifou da suka fito da taswirar gandun ta da da ta yanzu suka bi fada fada, wato majalisun hira, suna nuna wa matasa a kan tabarmar shayi.

Buƙatun da za a tsaya a kansu ba su da yawa. A ɗaga matsayin gandun daga takardar majalisar ministoci zuwa cikakkiyar dokar ƙasa, a rubuta a cikinta cewa ba a taɓa iyaka sai an yi zaman sauraren jama'a a Tesker da Gure da Ngurti cikin harsunan mutanen wurin, a kuma tabbatar da haƙƙin kiwo da rijiyoyi kamar yadda dokar makiyaya ta 2010 ta tanada. Dokar man fetur ta riga ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga ga yankunan da ake haƙowa, saboda haka neman a ɗauki ƴaƴan makiyaya aikin gadin gandun daga cikin wannan kaso ba roƙon alfarma ba ne. Mu da ke waje muna tara kuɗi duk shekara don masallaci da rijiya da kayan azumi, kuma mun iya wannan aiki sosai. Kuɗin man motar da za ta ɗauko dattawa goma daga Tesker zuwa Damagaram, da kuɗin sa'a guda a rediyo kowane mako, bai kai abin da ƙungiyar ƴan Damagaram ta gari guda a Amurka ke tarawa a taron salla ɗaya ba.