Saƙon Ingila a Zauren Alhaji

ALHAJI: Ticha, matso da gilashinka. Yaron nan ne na Ingila ya turo saƙo. Na ce masa ya daina yi mini yaren nasara, ya ƙi ji.

Ticha ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuska, ya kusanto da ita, ya yi gyaran murya har sau biyu. Layi ɗaya ne tak, amma sai da shayin Alhaji ya huce.

TICHA: "Baba, ai wil waya it on Monde."

ALHAJI: Monde na sani, Litinin ce. Waya ma na sani. Sauran fa?

TICHA: Sauran shi ne ilimin.

Injiniya mai wayarin, wanda tun kafin azumi yake zarya Tudun Wada kan kuɗin kayan aikin sabon ɓangaren gidan, ya miƙe daga kan bokitin fentin da yake zaune.

INJINIYA: Alhamdu lillahi! Waya zai aiko. Alhaji, ka gaya masa ta soket mai kauri 2.5 naɗi huɗu, ta ƙwan fitila 1.5 naɗi uku, ja da baƙa. Kada ya manta da koriya ta ƙasa. In akwai niyyar sa na'urar sanyaya ɗaki, ya haɗo da mai kauri 4.

ALHAJI: Na'urar me? Taga nawa na fasa wa ɗakin?

HAJIYA (daga bayan labule): Wace irin wayar wuta kuma? Ni ɗan wajenka ya yi wa alkawari. Tawa sai na ɗaure ta da kyauro batirin ke zama.

Ba za ta faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. Wayarsa dai tana so.

Ticha ya yi dariya irin ta wanda aka haɗa shi zama da ɗalibai.

TICHA: Kun ga illar rashin zurfafa karatu ke nan. Hajiya, ki yi haƙuri, Bature ba ya kiran tarho waya. Mu ne nan muka ga magana na bin zaren ƙarfe a kan falwaya, muka raɗa wa akwatin sunan zaren. Da salula ta shigo a 2001, zamanin Obasanjo, ba ta da ko guntun zare, sunan ya bi ta. Kai kuma Injiniya, taka wayar Bature ya san ta, ita ce ma asali: zaren ƙarfe, ko na wuta, ko na shinge mai ƙaya, ko na tarkon gafiya. Amma a jimlar nan kalmar aikatau ce.

INJINIYA: Aikatau? Ai ni ne ɗan aikatau ɗin, ba a biya ni ba.

TICHA: Idan Bature mai tarbiyya ya ce zai yi waya, talgiram yake nufi. Tangaraho! Samuel Morse ya buga saƙo da shi a 1844, daga Washinton zuwa Baltimo. Saboda haka ranar Litinin da sassafe sai Gidan Waya.

ALHAJI: Gidan Waya na wajen Kafanchan? Inda kwalejin horon malamai take? Wa zai biya kuɗin mota?

TICHA: Na cikin gari nake nufi, Alhaji, inda ake sayar da kan sarki.

ALHAJI: To ko nan ɗin, Keke Napep nawa ne?

TICHA: Ɗari biyar ba za ta...

ALHAJI: Tafiyar ƙafa na rage hawan jini. Likita ya faɗa.

INJINIYA: Ticha, don Allah ba raini ba, yaushe rabonka da ganin talgiram?

TICHA: Zamanin Shagari na karɓi ɗaya da hannuna. Kalma bakwai. Har yau tana cikin adaka.

Auta, ɗan aji shida, yana gefe yana goge wa Alhaji takalmi.

AUTA: Baba, kuɗi fa Yaya ke nufi. Zai turo ta banki.

Kalmar kuɗi ta sa Alhaji ya ajiye kofin shayi, abin da sallamar baƙo ba ta taɓa sa shi yi ba.

TICHA: Rufe mana baki! Manya na magana.

ALHAJI: Bar shi ya buɗe. Auta, kuɗi ka ce?

TICHA: Ita ma ma'anar tana ciki. Na ajiye ta ne sai ƙarshe, malami ba ya juye wa ɗalibi komai rana ɗaya. A 1871 kamfanin Western Union ya fara tura kuɗi ta tangaraho a Amurka: ka biya a wannan gari, a buga waya wancan, a ƙirga wa mutuminka. Daga nan maganar ta samo asali. To ina tangaraho yake sauka?

AUTA: A wayar Baba zai...

TICHA: A gidan waya! Ni da na koyar da Turanci shekara talatin da biyar, ɗan firamare zai gyara mini?

Ranar Litinin Ticha ya fito da babbar riga mai aska biyu, biro uku a aljihu, ya kama hanyar cikin gari a ƙasa. Alhaji ya raka shi da addu'a, ita ce ba ta cin kuɗi. Wajen sha ɗaya na safe wayar Alhaji ta yi ƙara a aljihu. Auta ya duba: alat ne daga banki. Alhaji ya sa aka karanta masa adadin sau uku, a hankali, kada Hajiya ta ji. Hajiya ta ji.

Bayan la'asar sai ga Ticha, ƙura har gira, riƙe da kan sarki guda ɗaya da ya saya don kada a ce ya dawo hannu rabbana.

ALHAJI: Sannu da hanya, Ticha. Ina talgiram?

TICHA: Yaran da ke wurin ba su san aikinsu ba. Wata ma cewa ta yi in sauke shi a salula.

INJINIYA: Ai kuɗin sun zo tun hantsi.

TICHA: Sun zo? Ta ina suka shigo?

AUTA: Ta wayar Baba.

TICHA: Ta me?

AUTA: Waya.

TICHA: To! Me na ce muku tun ranar Juma'a?

Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce a kawo masa ruwa. Babu wanda ya tanka. Mai neman Ticha ya amsa kuskure sai ya zo da guzuri.

INJINIYA: Alhaji, tunda kuɗi sun samu, gobe sai kasuwar Panteka sayen waya.

ALHAJI: Na riga ka. Wani yaro ya kawo mini samfuri, rabin kuɗin taka.

Ya zaro guntuwar waya daga aljihu. Injiniya ya fito da reza, ya feɗe robar, ya kankare ƙarfen. Jan ya tafi, fari ya bayyana.

INJINIYA: Ka gani? Alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Lanƙwasa biyu ta karye. Kuma an rubuta 2.5 a jiki, ƙarfen ciki bai kai ba, duk roba ce. Naɗin da aka ce mita 100 ne, in ka auna ka sha mamaki. Waya in ta yi siriri wuta na wucewa da ƙyar, sai ta ɗau zafi. Hajiya ta jona dutsen guga da hita lokaci guda, roba ta narke a cikin silin, ja ta taɓa baƙa. Daga nan sai 'yan kwana-kwana.

ALHAJI: Wutar nawa ake kawowa da har za ta samu lokacin yin zafi?

Nan Injiniya ya yi shiru, don tambayar tana da nauyi. A takarda wutar gida bolt 230 ce. Wadda ke leƙo layin su Alhaji, in ta ga dama ƙarfe biyun dare, fanka ma sai an tura ta da sanda. Takardar kuɗin wuta ce kawai ba ta taɓa ɓatan hanya ba, ita da mai littafin karo-karon gyaran taransifoma.

HAJIYA (daga bayan labule): Ni dai a cire kuɗin tawa wayar kafin ku ƙona gidan.

ALHAJI: Kyauro nawa ne a shago?

TICHA: Duk kuna baya. Bature ya bar waya tuntuni. A 1901 Marconi ya tsallakar da saƙo tekun Atlantika babu zare ko ɗaya. Shi ake kira wayales, wato babu waya. Rediyon da ke gabanka, Alhaji, haka kakanninmu suka san shi.

Idon Alhaji ya yi haske.

ALHAJI: Babu waya? Ko naɗi ɗaya?

TICHA: Ko taku ɗaya.

ALHAJI: Injiniya! Shekara nawa kana cin kuɗina, ashe akwai wannan ba ka faɗa ba? Irinsa za a yi mini.

INJINIYA: Alhaji, magana ce ke tafiya a iska, ba wutar guga ba.

TICHA: A zurfin karatunka ke nan.

ALHAJI: Ni dai wayales nake so. Nawa ne kuɗin aikin?

INJINIYA: Kyauta ne, ranka ya daɗe, an ma riga an yi maka. Tun daren da ɓarayi suka yanke wayar taransifoma, layin nan kaf wayales muke.

TICHA: Ka ji ko? Auta, kawo biro, rubuta: ma'ana ta biyar.