An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Eddie Hapgood da Hoton Berlin

Duk lokacin da gardama ta tashi kan siyasa da ƙwallon ƙafa, sai wani ya zaƙulo tsohon hoton nan. 'Yan wasan Ingila sun jeru a babban filin wasa na Berlin ranar 14 ga Mayu 1938, kowannensu ya miƙa hannun dama sama, gaisuwar 'yan Nazi. Kyaftin ɗinsu a ranar shi ne Eddie Hapgood, ɗan bayan Arsenal mai tsare ɓangaren hagu. Sun lallasa Jamus da ci 6 da 3, amma wa ke tuna wannan? Hannun nan kawai ake tunawa. Ni kuwa a ganina an ɗora wa bawan Allahn nan kayan da ba shi ya ɗaure su ba.

A fara da ko wane ne shi. A Bristol aka haife shi a 1908, kuma kai wa mutane madara gida-gida ita ce sana'arsa kafin ƙwallo ta karɓe shi. Daga ƙaramar ƙungiyar Kettering Town ne Herbert Chapman, kocin Arsenal na lokacin, ya ɗauko shi a 1927, yana ɗan shekara 19, siriri kamar kara. Ƙwallon wancan zamani ta fata ce mai ɗinki, idan ta sha ruwan sama sai ta zama kamar tubali, har yaron kan suma idan ya sa mata kai. Tom Whittaker, mai kula da lafiyar 'yan wasa, shi ya sa shi ɗaga ƙarfe, ya kuma matsa masa ya fara cin nama, domin a da ba ya ci.

Ya zo a daidai lokacin da aikin ɗan baya ke sauyawa. A 1925 aka sassauta dokar satar gida, ƙwallaye suka riƙa ruwa a raga: daga 1,192 a babbar gasar Ingila suka haura zuwa 1,703 cikin kaka ɗaya. Maganin da Chapman ya samo shi ne ya janyo ɗan tsakiya ya tsaya a ƙofar gida, ya tura 'yan baya biyu gefe su yi ta fama da masu gudu. Nan ƙarfi kaɗai ba ya isa, sai da ido da sanin inda ƙwallo za ta faɗa. Hapgood ya buga wa Arsenal wasa 440, ya ɗauki kofin gasa sau biyar da na FA sau biyu. Magoya bayan Arsenal da ke cika gidajen kallo a garuruwanmu, da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunansa, alhali irinsu ne suka kafa harsashin abin da ake alfahari da shi.

Ba kuma matsoraci ba ne. Ranar da ya fara jagorantar Ingila, 14 ga Nuwamba 1934, da Italiya mai riƙe da kofin duniya aka kara a Highbury, filin Arsenal na lokacin. Aka fasa masa hanci. Babu canjin ɗan wasa a lokacin, don haka aka ɗaure masa, ya koma fili, suka ci 3 da 2.

To me ya sa mutum irin wannan ya ɗaga hannu a Berlin? Umarni ne ya zo daga shugabannin hukumar ƙwallon Ingila, bayan sun yi shawara da jakadan Birtaniya, Nevile Henderson. Wata biyu kacal da Hitler ya haɗiye Ostiriya, gwamnatin Chamberlain, firayim ministan Birtaniya, kuma ta duƙufa wajen lallashinsa. Gaisuwar abin kunya ce, ban musa ba, kuma na san wani zai ce ai da sai ya ƙi. Amma a dubi matsayinsa. Doka ta ƙayyade cewa babu ɗan wasan da zai karɓi sama da fam 8 a mako, idan an tafi hutu kuma fam 6. Ba shi da ikon barin ƙungiya sai ta yarda. Ma'aikaci ne da ba a tambayar ra'ayinsa, ga jakada, ga shugabanni masu iya raba shi da abincinsa. Waɗanda suka yanke shawarar ba sa cikin jerin nan da ake ta yawo da hotonsa.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne yadda aka yi da shi daga baya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke yana da shekara 30, ya shiga rundunar sojin sama, sauran ƙarfinsa ya ƙare a can. Ya gwada horarwa a Blackburn da Watford da Bath City, abin bai ɗore ba. Da hannu ya yi ƙasa, ya rubuta wa Arsenal yana neman taimako, tunda ba a taɓa shirya masa wasan karramawa ba. An ruwaito cewa fam 30 aka aiko masa. An ci moriyar ganga ke nan, an ya da kwaurenta.

Sai a 1961 aka soke dokar ƙayyade albashi, lokacin ya daɗe da rataye takalmi. Mutumin da ya buga wa Ingila wasa 30, ya jagorance ta a 21, da kula da masaukan ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA ya ƙarasa rayuwarsa. Ya rasu a watan Afrilu 1973, yana da shekara 64.