Ƙungiyoyin Unguwa da Ƙofar Majalisar Jiha

Kwanakin baya na halarci taron wata ƙungiyar ci gaban unguwa da aka kira domin karo-karon gyara taransifomar da ta ƙone. Sakatare ya buɗe littafinsa yana kiran magidanta gida-gida, kowa yana miƙa abin da ya sawwaƙa, har wata dattijuwa ta aiko jikanta da nata a ƙulle cikin leda. Da aka kusa tashi sai na tambaya ko akwai wanda ya taɓa halartar zaman jin ra'ayin jama'a a majalisar dokokin jiha. Babu ko mutum ɗaya. Kowa ya san sunan ɗan majalisarmu, amma an san shi ne a matsayin wanda ake kai wa katin gayyata da takardar asibiti.

Abin ya tsaya mini a rai, domin maganar wutar da ta tara mu ta riga ta shiga hurumin majalisar da muke yi wa kallon nesa. A watan Maris na 2023 marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon yin doka a kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, sannan Dokar Lantarki ta 2023 ta biyo baya. A 2024 jihohin Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ragamar kula da kasuwar wutarsu daga hukumar tarayya. Ke nan tambayar wanda ya wajaba ya gyara taransifoma idan ta lalace, kamfani ko jama'a, tambaya ce da yanzu dokar jiha za ta iya amsawa, muddin an samu masu kai ta gaban majalisa.

Haka abin yake a sauran fannoni. A watan Mayun 2024 aka sa hannu a Kano a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, kuma babu gidan da wannan doka ba za ta shiga ba. A Katsina, rundunar tsaron al'umma da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2023 ta ɗauki aikin da 'yan sa-kai suka daɗe suna yi da kansu ta sa shi ƙarƙashin doka da albashi da horo. Waɗannan misalai sun nuna cewa abin da jama'a suka fara da hannunsu yana iya zama tsarin hukuma. Sai dai nawa ne daga cikin iyayen da dokar gwaji ta shafa, ko mazauna ƙauyukan da ake yi wa sintiri, aka saurara kafin a kammala rubutun? A ganina a nan ne giɓin yake.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato saurin majalisa a inda ta ga dama. Dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu a Kano a 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, kuma wadda ta soke ta a ranar 23 ga Mayun 2024, a ranar da majalisa ta zartar da ita gwamna ya sa hannu. Ba ina yanke hukunci a kan rikicin masarauta ba ne. Abin lura shi ne idan magana ta shafi mulki, karatu na ɗaya da na biyu da na uku da ake yi wa ƙudurin doka a majalisa ba sa cin lokaci. Amma Dokar Haƙƙin Yara da tarayya ta yi tun 2003 sai da ta shekara ashirin kafin Kano ta yi tata a 2023. Ƙudurin da ba shi da mai bibiya shi ne ke kwana a hannun kwamiti.

Tsarin mulkin 1999 bai bar mu hannu rabbana ba. Ya ƙayyade cewa majalisar jiha ba za ta gaza mambobi 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba, saboda haka mazaɓar ɗan majalisar jiha ƙarama ce, ana iya cim masa. Ya wajabta musu zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 128 ya ba su ikon bincikar ma'aikatu, sashe na 100 ya ba su ikon tabbatar da doka da rinjayen kashi biyu cikin uku idan gwamna ya ƙi sa hannu, sashe na 110 kuma ya ba masu zaɓe ikon yi wa wakilinsu kiranye. Kuma duk wata ƙungiya tana iya rubuta takardar koke ta miƙa ta hannun wakilinta domin a karanta a zaure a tura wa kwamiti.

Ba na raina aikin gayya, domin da shi aka yashe magudanan ruwa da yawa, aka kuma rufe ajujuwan da iska ta yaye wa kwano. Amma ƙungiyar da za ta iya tara kuɗin taransifoma daga gidaje masu yawa cikin mako guda, ba za ta gaza tura mutum biyu su zauna a zaman jin ra'ayi kan kasafin kuɗi da takarda a hannu ba. Na roƙi sakatarenmu da ya buɗe sabon shafi a littafin nan nasa, ya rubuta duk abin da muka gyara da aljihunmu a bana da ranar da aka yi shi, domin shi za mu haɗa da takardar koken da za mu kai ofishin mazaɓa kafin a gabatar da kasafin baɗi.