Burning Man: Bikin hamadar da ba ya son ɗan kallo

Duk ƙarshen watan Agusta, mutum dubu 70 zuwa 80 kan ɗaure kayansu su nufi wani fili a arewacin jihar Nevada ta Amurka, wurin da babu bishiya, babu rijiya, babu ko ciyawar da akuya za ta tsinka. Busasshen gindin wani tsohon tafki ne mai suna Lahontan. Ƙasar fara fat, mai kanwa-kanwa, ƙurarta da laushi kamar garin fulawa, tana kuma tsattsaga fatar ƙafa. Hamadar Black Rock ke nan. A nan suke kafa gari sukutum, da tituna da unguwanni da wurin shan magani da gidan rediyo har da filin saukar ƙananan jirage. Su yi mako guda da 'yan kwanaki, daren Asabar su cinna wa wani ƙaton butum-butumin katako wuta, sannan su kwashe komai su watse. Sunan bikin Burning Man, wato mutumin da ke ci da wuta.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba tun daga farko. A wannan taro ana shan giya, ana shan ƙwaya, wasu na yawo tsirara, kuma duk shekara sai jami'an tsaro sun kama mutane da kayan maye. Ban zo kare wannan ba, kuma mai karatun da ya ji ƙyamarsa yana da hujjarsa. Abin da ya ja hankalina daban ne. Kusan shekara 40 ke nan waɗannan mutane suna kokawa da tambayar da ta shafi duk mai ƙaunar biki a ko'ina yake: shin biki na masu yin sa ne, ko na masu zuwa kallo? Sun ba da amsa mai ƙarfi, kuma ina ganin kuɗi na neman ƙwace ta daga hannunsu.

Abin ya faro ne a 1986, lokacin da Larry Harvey da abokinsa Jerry James, wanda kafinta ne, suka harhaɗa mutum-mutumin katako mai tsawon kimanin ƙafa takwas suka ƙona shi a bakin teku a San Francisco. Masu shan iska suka taru kansa. Suka maimaita shekara bayan shekara, jama'a na ƙaruwa, gunkin katakon na ƙara tsawo, har 1990 da 'yan sanda suka hana cinna wutar. A shekarar ne aka loda shi a mota aka kai shi hamada, da mutanen da ba su kai ɗari ba. A 2004 Harvey ya rubuta ƙa'idoji goma da ya ce su ne halin taron, cikinsu har da yin kyauta, da dogaro da kai, da aikin haɗin gwiwa, da hana ciniki, da barin wuri kamar yadda aka same shi.

Ƙa'idar da sauran suka rataya a kanta ita ce kowa sai ya sa hannu. Masu shirya bikin ba sa ɗauko mawaƙi su kafa masa dandamali. Nasu shi ne shata tituna, da ajiye banɗakuna, da kula da lafiya, da gina butum-butumin, da tallafa wa wasu masu fasaha. Sauran duk daga aljihu da gumin mahalarta yake fitowa. Wannan zango yana gyara keke kyauta, wancan yana dafa shayi, na gaba yana wanke wa mutane ƙafa da ruwan tsami saboda kanwar ƙasa. Masu walda da kafintoci da injiniyoyi kan share watanni a garejinsu suna ƙera wani abu, ko dorinar ruwa ta tarkacen ƙarfe mai feshin wuta, ko jirgin ruwa mai tafiya kan tayoyi, su jawo shi ɗaruruwan kilomita don kawai baƙon da ba su sani ba ya hau ya yi murna. Da magariba wasu 'yan sa-kai sanye da dogayen riguna kan bi manyan tituna suna rataya ɗaruruwan fitilun kananzir. Ba a biyan su ko sisi. Abin da ake sayarwa a cikin garin ƙanƙara ce kawai. Da ana sayar da kofi, daga baya aka daina. Har tambarin kamfani da ke jikin motar haya ana son a lulluɓe shi.

Kyautar tasu ma ta bambanta da wadda muka saba. A wurinmu gudummawar biki bashi ce mai daɗi: uwar amarya ta san wadda ta kawo mata turmin atamfa, kuma ranar bikin 'yar waccan za ta mayar, sau da yawa da ƙari. Haka zumunci ke ɗorewa. A Black Rock kuwa an hana ban-gishiri-in-ba-ka-manda. Ka bayar, ka wuce, ba tukwici, ba a rubuta suna. Na daɗe ina auna wanne ya fi, sai na ga ba abin gwadawa ba ne. Tamu kyautar an gina ta don mutanen da za su mutu a unguwa ɗaya, tasu kuma don baƙin da watakila ba za su sake haɗuwa ba. Amma mutumin da ya tashi a birnin da ko ruwan sha sai da kati, idan wani ya miƙo masa abinci mai zafi a tsakiyar ƙura bai nemi komai ba, na fahimci dalilin da zai sa ya koma gida yana ba da labari har shekara ta zagayo.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ginin da suke kira Temple. A shekarar 2000 wani mai sassaƙa, David Best, yana shirin gina wani ɗaki da ragowar katako sai wani matashi cikin abokan aikinsa ya rasu a haɗarin babur. Suka ƙarasa ginin don tunawa da shi. Mutane suka fara shiga suna rubuta sunayen nasu mamatan a jikin katakon. Tun daga nan kusan kowace shekara sai an gina sabo, can bayan butum-butumin, nesa da kiɗa. Mako guda ana liƙa hotunan iyaye da 'ya'ya, da wasiƙun neman gafara, da rigar wanda ya tafi. Daren Lahadi a ƙona shi, dubban mutane zaune a ƙasa tsit, sai ƙarar wuta da shessheƙar kuka. Mu da muke da zaman makoki, da maƙwabta masu shigowa da kwanon abinci, da addu'ar da ake yi wa mamaci, ba ma buƙatar wannan. Su kuwa da yawansu sun fito daga rayuwar da ake ba mutum hutun kwana biyu ko uku idan mahaifiyarsa ta rasu, ya koma ofis. Ginin ba ya zama abin da yake sai da rubutun da jama'a suka yi masa. Mai zanen ya kawo katako, masu baƙin ciki suka kammala aikin. Ko da gidan adana kayan fasaha na Renwick da ke Washington ya baje kolin ayyukan bikin a 2018, taken da ya sa wa nunin shi ne babu 'yan kallo.

To ga inda gizo ke saƙar. Tikitin shiga a 2023 dala 575 ne, izinin mota dala 150, ban da tanti da abinci da ruwa da man tafiya. Talakan Amurka ba ya iya wannan. Ƙididdigar da mahalarta ke yi wa kansu kuma ta sha nuna cewa mafi yawansu farar fata ne masu digiri, baƙaƙe 'yan ƙalilan. Attajiran fasahar zamani sun daɗe da gano wurin: zanen farko da Google ya taɓa yi wa tambarinsa, a 1998, hoton wannan butum-butumi ne, don masu kamfanin su sanar cewa sun tafi hamada. Zuwan mai kuɗi ba laifi ba ne, Harvey da kansa ya sha cewa ƙofar a buɗe take ga kowa har da su. Laifin ya fara ne da zangunan da ake biyan dubban daloli, mutum ya sauko daga jirgi ya tarar an kafa masa ɗaki mai na'urar sanyi, ga kuku, ga masu shara, ga kayan adon da aka zaɓar masa, wani lokaci har da shinge don kada gama-gari su leƙo.

Wanda ya taɓa zuwa gayya zai gane ɓarnar nan da nan. Armashin gayya shi ne mai gona goma da mai gona ɗaya su sunkuya a kunya ɗaya, su ci tuwo a akushi ɗaya. Ranar da mai hali ya fara turo ɗan ƙwadago a madadinsa, ya zo da la'asar ya tsaya a inuwa yana yaba aiki, gonar za ta nomu, amma gayya ta mutu. Zuwa da kai ya fi aike. Wahalar kafa tanti cikin iska, da jigilar ruwa, da wanke tukunya da ɗan ruwan da bai cika kofi ba, ita ce ke mai da baƙi 'yan gari ɗaya. Wanda ya biya aka ɗauke masa ita ya sayi kujerar kallo a wurin da aka ce ba kujera.

Masu shirya bikin sun san da haka. A 2019 shugabarsu Marian Goodell ta fito fili ta koka da wannan ɗabi'a, ta kori wani zango, ta gargaɗi wasu. Sai dai hannunsu a ɗaure yake. Manyan ayyukan fasahar da ake ɗauka hoto na cin maƙudan kuɗi, masu arziki ne kuma ke ɗaukar nauyin da yawa daga ciki. Tikiti masu tsada su ke tallafa wa masu araha da ake ware wa marasa ƙarfi. A 2024, karon farko tun 2011, tikiti ba su ƙare ba, ƙungiyar ta koma neman gudummawa don cike giɓi. Wanda ke neman taimakon attajiri da safe, da wuya ya ce masa da yamma tashi ka wanke kwanonka.

Ruwan saman 2023 ya gwada kowa. A farkon Satumba aka yi ruwan da bai kai inci ɗaya ba, amma ƙasar wurin ba ta shan ruwa, sai ta zama taɓo mai kama ƙafa kamar danƙo. Aka rufe ƙofa, mutum sama da dubu 70 suka maƙale, aka ce kowa ya tsimi abinci da ruwa, motocin kwashe banɗaki suka kasa shiga. Mutum ɗaya ya rasu a kwanakin. Wasu suka taka kilomita da dama cikin caɓi zuwa kwalta, wasu suka tada mota da ƙarfi suka kafe, suka bar kaya a warwatse. Mafi yawa kuwa suka zauna, suka ɗaura leda a ƙafa, mai gas ya dafa wa marar gas, mai busasshen tanti ya shigar da wanda nasa ya jiƙe. Ranar Litinin 4 ga wata aka buɗe hanya. Duniya ta yi ta dariya a intanet, ni kuwa abin da na gani shi ne waɗanda suka saba yi wa kansu da maƙwabtansu hidima su ne suka riƙe garin.

Sai maganar barin wuri tsaf. Filin na gwamnatin tarayya ne, kuma hukumar kula da filaye ba ta yarda a bar shara fiye da murabba'in ƙafa ɗaya a kowace eka ba. Bayan kowa ya tafi, ma'aikata kan jera sahu su taka filin makonni suna tsintar ƙusa da guntun zare da gashin tsuntsun ado, su fitar da taswirar da ke nuna zangon da ya yi ƙazanta. Ko bayan taɓon 2023 sun ci jarrabawar. Wannan abin yabo ne, amma tsabtar ta tsaya ne a bakin shinge. Mutanen Reno, birnin da ke kan hanyar zuwa hamadar, sun sha kokawa da buhunan sharar da ake jibge musu a hanyar komawa, ga hayaƙin dubban motoci da janareto da jirage. Kuma hamadar ba kango ba ce: ƙasar kakannin ƙabilar Paiute ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Amurka, hanyar shiga ma ta ratsa yankinsu na tafkin Pyramid.

Nan ne mutumin Agadez ko In-Gall a Nijar zai iya gyara wa Ba'amurke zance. Makiyayan da ke haɗuwa a In-Gall ƙarshen damina, dabbobinsu ne ke buƙatar gishirin ƙasar, rawa da tseren raƙuma da neman aure suka biyo bayan buƙatar. Ba wanda ya rubuta musu ƙa'idar dogaro da kai, hamada ta riga ta koya musu. A Black Rock buƙatar ƙirƙirarta aka yi, ta mako guda ce, mai tikitin komawa gida. Shi ya sa take da rauni, shi ya sa kuma dole a tsare ta da doka, tunda duk abin da aka ƙirƙira da kuɗi ana iya sayen hanyar kauce masa.

Da za a tambaye ni, sai in ce su haƙura da girma. A hana duk zangon da ke da ma'aikatan haya masu yi wa baƙi hidima, ko da hakan zai rage kuɗin shiga, ko da butum-butumin zai koma rabin tsawonsa. An ma ga alamar cewa abin zai rayu. A 2020 da 2021 annobar korona ta sa an soke bikin, amma a shekara ta biyun dubban mutane suka tafi hamadar da kansu, ba tikiti, ba ƙofa, ba banɗakin ƙungiya, kowa da bokitinsa da jarkar ruwansa. Hukuma ta hana ƙona gini a shekarar, sai wasu daga cikinsu suka tada ɗaruruwan ƙananan jirage marasa matuƙa masu fitila, suka zana siffar mutumin a sararin sama.