Knute Rockne: malamin sinadarai da ƙwallo ta janye daga ɗakin gwaje-gwaje

Jama'a, duk uban da ke cewa ɗansa ya zaɓi ɗaya, ko littafi ko ƙwallo, ina so ya ji labarin Knute Rockne. A Amurka an san shi da horar da 'yan ƙwallon can, wadda ake rungumewa a sheƙa a guje da ita. Amma kafin ya zama babban koci malamin kimiyyar sinadarai ne a Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana, kuma wannan ɓangaren na rayuwarsa ne ya fi kama min zuciya.

An haife shi a garin Voss na ƙasar Norway a 1888, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Chicago yana ɗan shekara biyar. Ba ɗan masu hali ba ne. Shekara huɗu ya yi yana aiki a gidan waya yana tara kuɗin makaranta, sai da ya kai shekara 22 sannan ya taka jami'a a 1910, lokacin da sa'o'insa ke shirin fita. Ya karanta harhaɗa magunguna, ya kammala a 1914 da sakamako mai kyau ƙwarai, alhali shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon makarantar a shekararsa ta ƙarshe. To ina maganar cewa wasa ne ke kashe karatu?

Ku dubi abin da ya yi a 1913. Tun 1906 doka ta yarda a jefa ƙwallo gaba da hannu, amma manyan ƙungiyoyi ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, ƙarfin ƙirji da ture suka dogara da shi. Da aka yi dogon hutu, Rockne da abokinsa Gus Dorais suka samu aiki a wurin shaƙatawa na Cedar Point a bakin tafkin Erie. In sun tashi aiki sai su fita kan yashi, Dorais ya jefa, Rockne ya ruga ya cafe, su sake, su canja nisa, su sake, har hannun mai jifa ya san inda ƙafar mai gudu za ta kai. Ni a wurina wannan aikin ɗan ɗakin gwaje-gwaje ne tsantsa: ka gwada, ka lura, ka gyara, ka maimaita. Ranar 1 ga Nuwamba suka je West Point suka lallasa ƙungiyar kwalejin sojojin Amurka da ci 35 da 13. Daga ranar masu horarwa suka fara yi wa jifan gaba wani kallo daban.

Da ya gama karatu jami'ar ta riƙe shi. Yana koyar da sinadarai, yana taimaka wa Fada Julius Nieuwland a ɗakin gwaje-gwaje, yana mataimakin koci Jess Harper, yana kuma horar da 'yan tsere. Wannan Nieuwland ɗin, limamin Katolika haifaffen Beljiyam, ba ƙaramin masani ba ne. Bincikensa a kan asitilin, gas ɗin da masu walda ke yanka ƙarfe da shi, shi ya share wa kamfanin DuPont hanyar ƙera robar niyofirin da aka sanar a 1931. Irin malamin da Rockne ya zauna a gabansa ke nan.

Waɗannan shekarun na 1914 zuwa 1917 su na fi so a duk tarihinsa. Yaron da ya kasa lissafin sinadarai da safe, da yamma zai tarar da malamin nan a fili riƙe da usur. Ba shi da inda zai ɓuya. Malamin ya san wanda ke da ƙafa amma littafi na ba shi wuya, ya san mai ƙwaƙwalwa da ke jin kunyar shiga mutane. Mu da muka yi makarantar da malamin aji shi ne malamin wasanni mun san daɗin abin, domin wanda ya ga guminka a fili ba ya yi maka kallon lamba a rajista.

A 1918 ya zama babban koci. Zuwa 1930 ya ci wasa 105, an doke shi sau 12, an yi kunnen doki sau 5, kuma Notre Dame ta zama zakaran jami'o'in ƙasar a 1924 da 1929 da 1930. Kuɗi ya shigo, aka gina sabon filin wasa, kamfanin motoci na Studebaker ya ɗauke shi yana yi wa dillalansa jawabi. Sannu a hankali ƙwallo ta cinye lokacinsa kaf. Gaskiya wannan yana yi min ciwo. Ban ga laifinsa ba, mai iyali ne kuma baiwarsa ce, amma jami'a ta samu koci ta rasa malami, kuma tun daga zamaninsa aikin koci a manyan jami'o'in Amurka ya yi ta nisa da aji, har yau ga shi koci na karɓar albashin da ya ninka na farfesa sau da yawa.

Ya rasu ranar 31 ga Maris 1931 yana da shekara 43, a hanyarsa ta zuwa Los Angeles. Jirgin sama ƙirar Fokker da ya shiga ya faɗi kusa da ƙauyen Bazaar a jihar Kansas, duk mutum takwas da ke ciki suka mutu. Fiffiken jirgin na katako ne, danshi ya shiga ya lalata gam ɗin da ya haɗa shi, ya ɓalle a sama. Saboda girman sunan Rockne jama'a suka matsa sai an faɗi dalili, hukuma ta dakatar da irin wannan jirgin daga ɗaukar fasinja har sai an duba fikafikansa, kamfanoni kuma suka karkata ga jiragen da aka ƙera da ƙarfe zalla.