Teku Na Zo Gani

Wai don Allah hutun bakin teku muka zo Cape Town ko koyon shinshina tambulan? Kullum gari na wayewa sai abokan nan su ce a nufi Stellenbosch, kusan kilomita 50, ɗanɗana giyar inabi! Ni da ba na sha ina gefe da lemona, su kuwa a juya tambulan, a cusa hanci, a kurɓa, a kurkure baki, a tofar a bokiti. Wannan ya ce yana jin ƙamshin ayaba a giyar Pinotage, wancan ya ce hayaƙi. Hayaƙi fa! Gobara aka matse? Kwana 5 ƙafata ba ta taka rairayin bakin tekun Camps Bay ba, kuma kullum ni ne direba!